Kajin da suka ci soson kwalekwale

Har yau ranar da na bi kwalekwalen Baba Ɗan'ali ba ta fita raina ba. Lokacin ina kafinta a sashen ayyuka, muna cikin Jihar Sakkwato, aka kawo kwalekwalen alminiyam don tsallakar da mutane a wani mashigi kusa da Shinkafi. Irin wannan kwalekwale in ya cika da ruwa nutsewa yake yi kamar kwano, ba kamar na itace ba. Shi ya sa aka ce in shafe bencinan da banish don kada katakon ya ruɓe, in cusa farin soso a ƙarƙashinsu, irin wanda ke zuwa cikin kwalin rediyo. Shi ke riƙe kwalekwalen a sama ko ya kife.

Da damina ta yi nisa na koma dubawa, na tarar rabin soson babu. Ni kuwa a lokacin bakina ya fi kaina sauri. Na san Baba Ɗan'ali, mai tuƙa kwalekwalen, masunci ne, sai na gaya wa shugabanmu Oga Sunday cewa tsohon ne ke yanka yana ɗaura wa komarsa. Oga ya ce ranar Juma'a zai karɓe kwalekwalen ya ba wani.

Da labari ya kai masa, tsohon ya ce mini, "Yaro, ka gan ni da wuƙa? Da hurhurata zan saci abin da ko akuya ba ta so?"

Ranar Alhamis, kasuwar Shinkafi, na shiga kwalekwalen don in gwada sabon soson da na cusa. Mata suka cika shi, kowacce ta tura kajinta ɗaurarru ƙarƙashin benci. Muna tsakiyar gulbi na ji ƙwas-ƙwas a ƙafata. Na leƙa, sai ga zakara ya kafa baki yana tsattsagar soson, kaji huɗu na taya shi.

Na ce wa mai kajin, "Inna, kajinki na cinye mana kwalekwale!"

Ta ce, "To ɗana, kai ka zuba musu hatsi, ni mi nawa?"

Baba Ɗan'ali ya yi dariya har sandar tuƙi ta kusa kuɓuce masa. "Maza ɗaure ɓarayin, kafinta, ka kai wa Oga. Ai ka same su a ɗaure ma."

Da yamma na je na gaya wa Oga Sunday ƙarya na yi wa tsohon, na dawo na durƙusa a bakin gulbi na nemi gafara. Ya ce ya yafe, amma in rufe soson da falanki kafin zakarun Zurmi su ji labari. Na rufe, na shafe, ya ci gaba da tuƙinsa har ƙarfinsa ya ƙare.

Ku da kuke aikin yanzu, kada ku ce kun gama kwalekwale kuna tsaye a tudu. Ku shiga ranar kasuwa ku ga abin da mutane ke turawa ƙarƙashin benci, kafin ku kai sunan wani gaban Oga.