Saniyar da Na Koro wa Inna daga Gidan Rumji

Mun tashi da asuba daga Gazawa, ni da wani abokin tafiya, a saman motar gyaɗa. Kaka ta biyu ke nan da samun mulkin kai, amma hanyar ba ta ji labari ba, gargadarta na nan yadda Nasara ya bar ta.

Inna ce ta fitar da ni. Tun damina ta daina shan fura, wai nonon garinmu ruwa ne, ita na gidan ubanta a Gidan Rumji take so, mai ɗan gishiri-gishiri. Ta rame har abin ya tsorata ni. Na ce ko nawa ne zan sayo irin shanunsu.

A Agye jandarma ya leƙa motar, ya ɗebi gyaɗa cikin hannu, ya ce mu wuce. A Cadawa muka ci ƙosai na dala, muka raba da direba har ya yi saura. Muka kwana Maraɗi, washegari da hantsi muna kasuwar Gidan Rumji, inda Gobirawa ke ciniki kamar faɗa alhali wasa ne.

Aka nuna mana rugar wani tsoho da ya san kakana, mahaifin Inna. Ya sa aka tatso mini a ƙorai uku. Na farar saniya yana da yawa amma tsinkakke ne. Na wata da ta haihu shekaranjiya kuwa dakashi ne, rawaya, mai kauri har yana kama leɓe. Na uku na wata ja ce mai dogon ƙaho, bai rufe gindin ƙwarya ba. Ina kurɓa na ji gishirin.

Na ce irin jajayen nan nake so, a zaɓo mini mai sabuwar haihuwa. Tsoho ya yi dariya. Ya ce iri yana da nasa rabon, ja ta fi fara kauri, amma gishirin nan sai saniya ta kusa yaye, nono ya ja baya, yake fitowa.

"Ɗana," ya ce, "nonon farko mai yawa kasuwa kakarka take kaiwa. Wannan na ƙarshe, da ba ya sayuwa, shi take ajiye wa ɗiyarta."

Tausayin Inna ya kama ni. Ban taɓa tunaninta tana yarinya ba sai ranar.

Na sayi jar da ƙaton maraƙinta. Kwana bakwai muna koro ta a ƙasa, abokin tafiyata yana yi mini tsiya duk zango, wai na sayi rijiya da rani. Ni kuwa fargabata kada ta ƙafe kafin mu isa.

Ba ta ƙafe ba. Muna isa na tatsi abin da bai cika ludayi biyu ba, na miƙa wa Inna. Ta kurɓa, ta daɗe riƙe da ƙwaryar.

"Ashe ka je gidanmu," ta ce. Sannan ta ce a dama mata fura.

Tafiyar ta koya mini cewa in tsohon mutum ya ce ɗanɗanon abu ya canza, a tambaye shi wa ya saba ba shi. Saniyar ta ƙafe bayan sati uku, amma kafin nan Inna ta koma cin tuwo.