Tsokar da Sada Ya Gyara

Sada ɗan mahauta ne daga Katsina, kuma duk inda ya je hannunsa kan tona asalinsa. Karatu ya kawo shi Alƙahira, amma nahawu ya ƙi shi, shi ma bai nace ba. Da ya shekara uku a aji ɗaya sai ya ɗaure littattafansa, ya kama aikin kuku a gidan wani Bature a unguwar Ma'adi. A nan ya samu abin da ya iya: ya zare ƙashi, ya cire jijiya, ya wanke tsoka tas.

A farkon 2013 Baturen ya sayo 'yar gaggafa a kasuwar Juma'a. Daga sheƙarta aka kwaso ta a duwatsun hamada, ko gashi ba ta gama yi ba. Irin wadda ƙeyarta ke ɗaukar ruwan zinariya ce in ta girma. Ciyar da ita ya faɗo kan Sada. Bayan wata huɗu gari ya rikice, Bature ya hau jirgi, ya bar masa makullai da tsuntsuwa.

Sada bai taɓa yarda da kulle ta ba. Niyyarsa ɗaya: ta yi ƙarfi, ya kai ta hamadar bayan garin Helwan ya sake ta. Don haka ya riƙe ta kamar baƙon da ake jin kunya. Kullum sai ya zaɓo cinya, ya gyara ta yadda ko ɗigon ƙashi ba ya saura. Ya taɓa ganin ta danne ɓera a keji, ya ƙwace ya jefar, yana yi mata faɗa kan ƙazanta.

Ta shekara, ta yi girma, amma ba ta tashi. In ta buɗe fukafukai sai na hagu ya karkace, ta faɗi a ƙirji. Sai ya nemo Mahasin, wata Bahaushiyar Sudan likitar dabbobi da ke zaune a unguwar Hadayek el-Ma'adi. Ta lulluɓe kan tsuntsuwar da tawul, ta bi ƙasusuwan da yatsa.

"Malam Sada, me kake ba ta?"

"Tsoka zalla, Likita," in ji shi, har da ɗan murmushi. "Ko ni ba na cin irinta."

"Ma'alish, sai haƙuri. Gaggafa da ƙashi take gina ƙashinta. Zomo take ci da gashinsa, tsuntsu da fukafukinsa, ta amayar da abin da bai narke ba. Ƙasusuwan wannan sun yi laushi tun tana ƙarama, suka ƙafe a lanƙwashe."

"In na canza yanzu fa?"

"Za ta rayu. Tashi kam, khalas, ya ƙare."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya san ba sakaci ba ne ya jawo, iyawarsa ce. Bai yi musu ba, ya raka likitar har bakin tashar jirgin metro ya dawo.

Bature bai sake waiwayo ba, a 2015 aka ba wasu hayar gidan. Sada ya kwashe kejin zuwa rufin benen da ya koma. Kowace safiya yakan yanka tantabara, ya miƙa wa gaggafar ita da gashinta da ƙashinta, ya kau da kai. Daga nan ya goge wuƙarsa ta fiɗa, wadda yanzu ba ya gyara komai da ita, ya mayar da ita kube.