Motar da Karam Ilahi Ya Haɗa wa Mahaifiyarsa

Karam Ilahi maƙerin akwatunan ƙarfe ne a unguwar da ke bayan kasuwar hatsi ta Chakwal. A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, ya kuma riƙe ta tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu. Manyan akwatunan nan yake ƙerawa, waɗanda amarya ke tarewa da su cike da barguna da kayan sanyi. Abin da ya yi suna a kai shi ne kalmasa. Ba ya sallamar akwati sai ya naɗe kowane bakin ƙarfe a kan waya, ya daddale shi da gudumar katako, sannan ya bi shi da tafin hannu daga kusurwa zuwa kusurwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai kiyaye sallar jam'i, kuma ba a taɓa jin wata ta yanke yatsa a aikinsa ba.

Mahaifiyarsa, Bebe Jannat, a gidansa take zaune tun rasuwar mijinta. Shi mijin an binne shi a ƙauyensu na asali, Dhok Sawal, can a cikin duwatsu, inda ƙaninta Mehr Din yake zaune har zuwa lokacin. A da takan je ziyara kowace shekara. Amma motar haya a gindin tudu take sauke mutane, sauran tafiyar kuwa da ƙafa ake yi, ita kuma tsufa da ciwon sukari sun karya mata gwiwa. Shekaru suka shuɗe ba ta ga ƙaninta ba, ba ta tsaya a kan kabarin mijinta ba. Ba ta cika yin ƙorafi ba, sai dai duk sanda aka kawo gyaɗar sabuwar kaka takan juya ta a hannu ta ce ta Dhok Sawal ta fi wannan.

Wannan ne ya sa Karam Ilahi ya ƙudura niyyar haɗa mota mai iya hawa tudun. Ya tafi Rawalpindi wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, ya sayo ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar jif da injinta, ya kuma sayo gangar jiki irin wadda ake sayarwa gunduwa-gunduwa, mutum ya je gida ya harhaɗa da kansa. Ya jibge su a lungun da ke gaban shagonsa, yana taɓa aikin bayan la'asar idan ciniki ya lafa.

Maƙwabcinsa Fazal Dad, mai facin taya, wanda suka tashi tare tun suna yara, shi ne ɗan kallon farko.

"Paji," in ji shi, wato yaya, haka yake kiransa saboda ya girme shi, "wannan akwatin na wace amarya ne? Na ga har da tayoyi."

"Na Bebe ne."

"To ka yi masa murfi da kwaɗo, kada ta faɗo a hanya."

"Kai dai ka tanadi faci. Tayoyin daga wurinka na saya, na san halinsu."

Ƙarfen mota ya fi na akwati kauri nesa ba kusa ba, ba ya kalmasuwa da gudumar katako. Saboda haka Karam Ilahi ya sayo tiyon roba, ya tsaga shi a tsaye, ya sanya wa bakin ƙofofi da gefen allon da ke gaban direba da duk inda ya san hannu zai kai. Da ya gama ya zauna a mazaunin direba ya shafa ko'ina. Ya koma kujerar baya ya zauna kamar yadda maza ke zama a mota, takalma a ƙafa, ƙafa a ƙasa, ya sake shafawa. Bai ji kaifi ba, ya yi hamdala.

Ranar gwaji aka ce Bebe ta hau a zagaya da ita unguwa. Naziran, matar Karam Ilahi, ta riƙe mata hannu. Da tsohuwa ta kai bakin ƙofa sai ta tuɓe takalmanta, kamar yadda take yi idan za ta shiga ɗaki, ta hau kujera ta tanƙwashe ƙafa ɗaya, ɗayar kuma ta tura ta ƙarƙashin kujera tana neman wurin dogarawa. A can ƙasan akwai wani ƙarfe mai kusurwa da ke riƙe da kujerar, wanda hannun Karam Ilahi bai taɓa kaiwa ba. Ciwon sukari ya riga ya kashe mata jin tafin ƙafa, don haka ba ta san an yi komai ba. Sai da aka dawo, mayafinta ya maƙale a kan wani noti ya yage, Naziran ta sunkuya za ta ciro shi, sannan ta ga jini a daɓen motar.

Yankan da ke diddigen bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ya ƙi warkewa. Likita ya gaya wa Karam Ilahi a fili cewa idan ya ruɓe ya yi sama, to ƙafar ce za a rasa. Duk tsawon sanyin shekarar nan a wanke miki da ɗaure shi aka ƙare. Allah cikin rahamarSa ya sa ya haɗe wajen shigowar bazara.

Da Bebe ta fara takawa, Karam Ilahi ya zo ya durƙusa gaban gadon igiyarta ya ce ya rufe ƙarfen da ya yanke ta.

"Puttar, ɗana," ta ce, "na haife ka, na yaye ka, sakayyata ita ce ka ƙera mini wuƙa mai tayoyi? Ka rufe ɗaya. Sauran 'yan'uwansa fa?"

"Bebe, na duba."

"Wancan karon ma ka duba. Ni da wannan abin sai dai idan gawata za ku ɗauka."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ana cikin haka aka bugo waya daga ƙauye cewa Mehr Din ya kwanta, jiki ya yi nauyi, yana ta ambaton yayarsa. Bebe ta ji, ta juya fuska ga bango, ba ta ce a kai ta ba. Tsoron rasa ƙafa da begen ɗan'uwa suka haɗu mata, ɗanta kuwa yana ganin duka biyun a fuskarta.

Da safe yana karyawa da gurasa da shayi a tsakar gida, sai ya tsaya yana lura da yadda take hawa gadonta. Ta tuɓe takalma. Ta dafa bayanta da hannu ba tare da ta duba ba. Ta ja ƙafa ɗaya a ƙasa kafin ta ɗaga ta, gefen mayafi yana bin ta yana shafar duk abin da ta wuce. A nan ya gane kuskurensa: ya auna motar da jikin namiji mai takalmi, alhali wadda aka yi motar dominta ba haka take zama ba.

Ya karɓi yagaggen mayafin nan daga hannun Naziran, shara-shara ne, ko ƙaiƙayi yana iya kama zarensa. Ya fita lungu da rana tsaka, ya tuɓe takalma, ya lulluɓa, ya sunkuyar da baya, ya nufi ƙofar baya a hankali.

Fazal Dad ya saki tayar da ke hannunsa. Ya kira shi kamar yadda ake kiran yaya mace: "Apa, daga wane gida? An yi miki miji kuwa?"

"Marar kunya, zo ka riƙe mini hannu in hau. Ba ka ganin tsohuwa?"

"Tsohuwa mai gemu! Jama'a ku zo ku gani!"

Aka kuwa taru ana dariya, shi bai kula ba. Ya hau, ya tanƙwashe ƙafa, ya tura diddige ƙarƙashin kujera, ya dafa baya ba tare da ya duba ba, ya sauka, ya sake hawa ta ɗaya ƙofar. Duk inda zare ya kama ko fata ta ji karta, sai ya shafa alli. Kafin azahar cikin motar ya yi fari da alamu, ƙafarsa kuma ta sami ƙananan yanka nata. Wasu dattawa suka kai magana ga limamin unguwa cewa bai dace namiji ya sa tufar mata ba. Liman ya ce bai sa don ado ko kwaikwayo ba, ma'auni ne ya riƙa don hidimar mahaifiya, a ƙyale shi.

Karam Ilahi ya bi kowace alama da magagari ya kashe kaifin, ya sa tiyo da gam inda tiyo zai zauna. Inda ba zai zauna ba, Fazal Dad ya yanko masa tsohon tib na taya aka naɗe, yana yi yana cewa kuɗin aikinsa shi ne a ba shi auren Apa. Kawunan notuna aka sa musu huluna na roba, daɓen kuma aka shimfiɗa masa tsohuwar darduma. Sannan Karam Ilahi ya sake lulluɓa ya maimaita hawa da sauka har mayafin ya zagaya motar bai kama ko'ina ba.

Duk wannan Bebe tana zaune a bakin ƙofar gida tana kallo, carbi a hannu. Bai roƙe ta ba. Washegari bayan sallar asuba ya dawo ya tarar ta sa sabon mayafi, Naziran ta ɗaura mata ƙullin alewar riɗi da za ta kai wa ƙaninta.

Ta tsaya a bakin motar ta tuɓe takalma, sannan ta dube shi.

"Kai ma cire naka."

"Bebe, tuƙi zan yi."

"Cire. Idan da sauran abin yanka, mu raba."

Ya cire, ya ajiye su kusa da nata. A haka ya tuƙa har saman tudun Dhok Sawal. Da suka isa, Naziran ta ɗaga tafin ƙafar tsohuwa ɗaya bayan ɗaya ta duba, babu ko ƙwarzane. Bebe ta sami Mehr Din da ransa da hankalinsa, ta zauna a gefen shimfiɗarsa suka yi ta faɗa a kan wanda ya fi wani tsufa. Da yamma aka kai ta maƙabarta ta yi wa mijinta addu'a. Mehr Din ya rasu kafin girbin alkama, Allah Ya jiƙansa, kuma a motar nan aka mai da ita ta'aziyya.

Karam Ilahi ya ci gaba da ƙera akwatunansa. Yagaggen mayafin yana rataye a ƙusa kusa da gudumar katako, kuma masu keken haya mai ƙafa uku kan kawo masa nasu ya bi musu kujerar baya da shi. Har yau idan zai tuƙa motar, a bakin ƙofa yake tuɓe takalmansa.