Komawata Kan Gora

A shekarun da nake shugabantar wata makarantar firamare a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi, na zama mutumin kowa. Suna, ɗaurin aure, sasanta maƙwabta kan magudanar ruwa, duk sai da ni. Wayata ba ta hutawa, ni ma haka. Barci ya ƙaurace mini, har likita ya ce jinina ya hau, in nemi abin da ke kwantar mini da hankali in riƙa yi. Da na faɗa wa matata, sai ta dakata da tsintar shinkafa ta ce, "To, Malam, kai mi kaka so?" Na san abin da malamaina ke so, na san na 'yan unguwa, amma nawa ya ɓace mini. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tsoro.

Ba a jima ba aka yi wa yayana jika a Argungu. Mijin babbar 'yata ne ya kai ni a motarsa. Mutum ne mai kunyar gaske, ko ruwa ba ya sha a gabana, ni kuma bai taɓa ganin kaina ba hula ba. Haka muka yi tafiyar, gaisuwa ɗaya, sauran duk shiru.

Bayan an raɗa suna an ci an sha, yayana ya ce in raka shi bakin gulbi. Shi masunci ne kamar mahaifinmu, ni kaɗai aka sa a boko. Surukin nawa ya biyo mu da mota, wai kada in gaji a dawowa.

A bakin ruwa na tarar da goruna a jere, irin manyan nan da masunci ke kifa cikinsa a kai, yana tuƙi da ƙafa, hannuwansa na riƙe da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu. Ƙanshin laka ya bugi hancina. Kafin in san alli da allo, a kan gora nake wuni, sai idona ya yi ja ake koro ni gida. Nan take na ji abin da nake so, ƙarara, kamar yunwa. Ruwa nake so in shiga.

Yayana ya karanci fuskata. Ya tura mini gora da ƙafa ya ce, "Hedimasta, ko tumbin ga ya hana ka hawa?" Na yi masa nuni da ido wajen surukina. Dattijo da babbar riga, ya tuɓe daga shi sai gajeren wando a gaban mijin 'yarsa? Kafin mu isa Birnin Kebbi labari ya riga mu. Yayana kuwa ba ya ɓoye magana. Da ƙarfi ya tambaya ko an taɓa haihuwar surukin da bai san mutum na da ciki ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Surukina ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali tun a hanya yake jin motar na wani ƙara. Motar da ko tari ba ta yi ba! Ya koma ya juya ta, ya ɗaga bonet, ya cusa kansa ciki, ya ba gulbi baya.

Na tsaya ina juya hula a hannu. Na san in na bar wurin nan a bushe, ƙwayoyin magani da waya ne za su ci gaba da mallakata. Na tuɓe, na naɗe wayar cikin riga, na shiga. Hawan farko gora ya mirgine da ni, na sha ruwa har ta hanci. Yayana ya yi dariya har da zama a ƙasa, masuntan da ke gyaran koma, babbar ragarsu, suna taya shi. A hawa na biyu jikina ya tuna abin da kaina ya mance. Na miƙe ƙafa, ruwa ya ɗauke ni a hankali, kafaɗuna suka saki. Babu mai nemana a tsakiyar gulbi. Na yi farin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba, har da 'yar ƙwalla, ko da yake a cikin ruwa ba mai ganewa. Ko ɗan tarwaɗa ban kama ba.

Da na fito na shirya tsaf, na tarar da bawan Allah har yanzu kansa na cikin bonet, gumi ya jiƙa masa riga. Na tambaye shi ko mota ta gyaru. Ya ce, "Ta gyaru, Baba." A hanya barci ya kwashe ni, baki buɗe, a gaban surukin da nake jin kunya. Sai a ƙofar gida na farka, ya kashe mota yana jira, ya ƙi tashina.

Asabar ta gaba, dattawan unguwa suka yi sallama da hantsi, suna son in raka su neman aure. Na fito da jakata a kafaɗa, na ce su yi haƙuri, yau Argungu za ni. Suka tambaya ko rasuwa aka yi.

Na ce, "Lahiya lau. Wanka za ni."