Lambar da Fenti Ya Rufe

Cikin shekarun da na yi ina dillancin kayan gwanjo, ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wata Talata a daminar da ta biyo bayan yaƙin basasa.

Na sayi wani ƙaramin jirgin ruwa na ƙarfe a gwanjon soja. Da farko manja yake ɗauka a kudu. Da yaƙi ya ɓarke mayaƙan wancan ɓangaren suka ɗora masa bindiga, sojan ruwa suka ƙwace shi, ya yi musu sintiri har injinsa ya mutu. Na ɗoro shi a babbar mota zuwa mashigin kogi kusa da Ajingi, don fiton mutane da hatsi zuwa kasuwar Gaya. Da gora ake tura shi.

Mu dillalai ba ma fitar da kaya sai sun sha fenti. Na sa aka shafe shi da kore, ciki da waje.

Ran nan sai ga wani sajen soja da 'yan sanda biyu. Aikinsa bin kayan soja da suka ɓata. Ƙa'ida ita ce lambar da ke takardar gwanjo ta dace da ta jikin kaya. In ba ta dace ba, a tafi da kayan, a tafi da mai su Kano.

"Alhaji, ina lambar?"

"Ranka ya daɗe, tana ƙarƙashin fenti."

"To, kankaro ta."

Malam Sale, tsohon mafitin da ke tura jirgin, ya sa wuƙa a goshin jirgin. Lamba ta fito, amma ba ta takardata ba ce.

Saje ya duba, ya yi murmushi. "Wannan ta waɗanda muka ƙwace shi a hannunsu ce. Mu a baya muke bugawa. Baba, koma can."

Malam Sale ya ce, "Da ka faɗa tun farko, yallaɓai, da Alhaji bai rame ba."

Ya kankare bayan. Lambar ta fito ɗaya bayan ɗaya, daidai da takarda. Saje ya sa hannu, ya ce a ƙetare da shi, motarsu na waccan gaɓar.

Ku da ke shigowa sana'ar nan, duk kayan da ya yi iyayengiji da yawa, kowannensu ya bar shaidarsa a jiki. Ku zagaya shi, ku kwafe kowace lamba, kafin ku kira mai fenti.