Philomena da Zuciyar Mazan Gidan Keough

A ƙauyen masunta na gaɓar Newfoundland, a ƙasar Kanada, inda aka haifi Philomena Keough, kowa ya san mazan gidansu ba sa daɗewa. Mahaifinta ya yanke jiki ya faɗi yana jan raga, bai kai hamsin ba. Babban wanta kuwa a ƙofar coci zuciyarsa ta tsaya. Ita tana aikin gyaran kifi a masana'antar garin, tana jin ana raɗe-raɗin cewa baki aka yi wa gidansu.

Da masu bincike suka zo daga birni neman jinin dangin don su karanta ƙwayoyin gadonsu, Philomena ta zaunar da su a kicin, ta zuba musu shayi, sannan ta gindaya sharaɗi: duk abin da aka gani, mai jinin kaɗai za a gaya wa. Suka amince. Ta bi dangi gida-gida, har waɗanda aka daɗe ba a ga maciji da su.

Ranar da aka bugo mata cewa an gano ƙwayar gadon da ke jawo ciwon, da rigar aiki ta fito titi, tana dariya tana hawaye, tana tare duk wanda ta gani. Ashe ciwo ne mai suna, kuma akwai 'yar na'ura da ake dasawa a ƙirji, ta tayar da zuciya in ta tsaya.

Ƙanenta Ambrose, mai jirgin kamun kaguwa, shi kaɗai ya ƙi gwaji. Ya ce kamfanin inshora na iya tilasta masa nuna sakamakon, in ya fito ba daɗi su kore shi, iyalinsa su tashi a tutar babu. Philomena ta ga da gaskiyarsa, sai ta shiga sahun masu zuwa Ottawa, babban birnin ƙasar, suna matsa wa 'yan majalisa lamba su yi dokar da za ta hana kamfanoni neman sakamakon irin wannan gwaji. Shekaru aka kwashe ana wannan fama.

A rediyon mota ta ji an zartar da dokar. Ta karya kan motar sai bakin ruwa, ta tarar da Ambrose yana shirin fita.

"Sauko, sarkin taurin kai. Yanzu ba mai ikon tambayarka sakamako. Saura wane uzuri?"

"Haba Yaya Mena, kaguwar fa?"

"Ina za ta je? Shiga mota."

Gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar, aka dasa masa na'urar. Da shekara ta zagayo, zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar teku, na'urar ta buga masa. Ya ce ji ya yi kamar doki ya harbe shi a ƙirji. Da ƙafarsa ya sauko daga jirgin, Philomena ta rungume shi tana zaginsa.

Yanzu ta bar aiki. 'Ya'yan dangi da ke ci-rani a lardin Alberta take bi da waya kan batun gwajin, duk wanda ya zo hutu kuma Ambrose ne ke kai shi asibiti.