Tarwaɗa a kwatar bayan gidanmu

A unguwarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi, da hadari ya haɗo za ka ga kowane gida an fito da bokitin shara. Jira ake ruwa ya kankama a juye a babbar kwatar bayan layi, ya tafi da ita can inda ba ruwanmu. Haka na taso na gani, ban taɓa tambayar ina ne can ɗin ba.

A daminar bana, wata Laraba da la'asar, Inna ta ce in yi maza kafin ruwa ya tsagaita. Na tsaya a bakin kwata na ɗaga bokiti, sai ƙasar da nake kai ta zabtare, na faɗa ruwa. Har yanzu in na rufe ido ina jin ɗanɗanon ruwan nan a maƙogwarona. Ya juya ni, ya buga ni da bango, sai kuma na ji wani abu ya fizge zanena ya riƙe gam. Wani dattijo da masu Adaidaita biyu suka jawo ni. Da aka duba, ƙugiyoyi ne birjik a jikin zanen, ɗaya ta shige min cinya. Ashe dattijon mamari ya ɗana, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi da ake gittawa a ruwa don kama kifi.

Ciwon ya warke, amma ƙafata ta ƙi gadar katakon da nake bi in tsallake kwatar zuwa shagon da nake koyon ɗinki. Ina hango ta sai in juya gida. Uwar ɗakina ta aiko cewa in ban dawo ba za ta ba wata keken ɗinkina.

Abin da ya riƙa dawo min kuwa shi ne, me kifi yake yi a kwata? Na je na sami dattijon yana gyaran ƙugiyoyinsa a gindin katanga, na gaishe shi daga nesa da bakin ruwan. Ya ce shi bai san wata kwata ba, rafi ya sani. Yana saurayi, in ji shi, duk nan fadama ce, ana noman latas da albasa, mata na wanki a kan yashi. Gidaje ne suka matse rafin, aka yi masa bango aka sake masa suna. Ruwan yana gangarawa kudu ya haɗu da wasu, har ya faɗa Challawa. In damina ta yi, tarwaɗa takan biyo shi ta hauro neman wurin zuba ƙwai, kamar yadda kakanninta suka yi, ba ta san an yi gari ba.

Na tambaye shi ko yana cin kifin. Ya yi dariya ya ce sai kifin ya kwana uku a baho yana aman sharar gidanmu tukuna.

Daga nan ya miƙe ya ɗaure bakin igiyar a wani ƙarfe, ya miƙo min ɗaya bakin.

"'Yata, ƙafata ciwo take. Kai min wannan tsallake."

"Baba, ba zan iya ba."

"To riƙe da kyau. Igiyar nan ta san nauyinki."

Na hau gadar. Katakon na motsi, ruwan ya ja baya amma yana tafiya. A tsakiya na ƙi kallon gaba, na kalli ƙasa ina neman baƙin bayan tarwaɗa tsakanin ledoji. Ban ga komai ba. Da na taka ƙasar tsallake na durƙushe, igiyar a hannuna. Ya ɗaga murya ya ce in ɗaure a turken nan in wuce shago, kada a ba wata kekena.